Yadda za ku auna nauyin da gidanku ke ɗora wa muhalli: jagora ga mazauna Makka, Jidda da Madina

Ruwan da ke zubowa daga famfo a Makka da Jidda da Ɗa'ifa, galibinsa ruwan Bahar Maliya ne da aka cire wa gishiri a Shu'aiba, aka turo shi cikin bututu da ƙarfin injina. Na Madina daga Yanbu yake tasowa. Wutar da ke juya mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, dare da rana, har yanzu mafi yawanta sai an ƙona gas ko mai ake samun ta. Shinkafar da muke dafa kabsa da ita daga Indiya take zuwa, ragon layya kuwa sau tari daga Sudan ko Somaliya jirgin ruwa ke sauke shi a tashar Jidda. A ƙasar nan kusan babu abin da ke shiga gida sai an ƙona wani abu a wani wuri kafin ya iso.

Farashi kuma ba ya nuna mana haka. Ruwan nan da aka sha wahalar tacewa, kubik 15 na farko a wata ana sayar wa magidanci kowane kubik, wato lita 1,000, a kan halala 10 kacal, wato kashi ɗaya cikin goma na Riyal. Wanda ya dogara da abin da ya biya zai ɗauka bai ci komai ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a sha'anin wuta da ruwa ido yakan yi kuskure ƙwarai. Uwargida za ta bi yara ɗaki-ɗaki tana kashe ƙwan lantarki, alhali tsohon mukayyif guda mai toshasshiyar raga yana shan wutar da ƙwayayen zamani ɗari ba su sha ba. Shi ya sa nake ganin duk maganar kare muhalli da ba ta fara da awo ba, ƙarshenta a gaji a bari. Hanyar da zan shimfiɗa a nan kowane gida zai iya bin ta cikin wata guda, ba tare da kashe kuɗin kirki ba.

Kafin a fara

A tanadi littafin rubutu guda da ba za a yi wani aiki da shi ba, da agogon waya, da robar ruwa mai cin lita ɗaya da rabi, da sikelin ratayawa, irin wanda kusan kowane gidan Bahaushe ke da shi saboda auna kaya idan za a tafi gida. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin rubutu. Yaro ko yarinya 'yan makarantar sakandare sun fi dacewa, domin su ne ba sa mantawa idan aka ba su amana irin wannan.

Sai a ƙidaya kawuna. Duk lambar da za a samu daga baya, da yawan mutanen gida za a raba ta, in ba haka ba gida mai mutum goma sha biyu zai zama kamar ya fi gida mai mutum uku ɓarna, alhali wataƙila akasin haka ne. Gidajenmu ba sa rabuwa da baƙi, musamman a Ramadan da lokacin aikin Hajji. Baƙon da ya kwana goma a wata, a rubuta shi kashi ɗaya cikin uku na mutum. Haka kuma wata ɗaya ba ya wakiltar shekara. Agusta a Makka daban, Janairu daban. Idan za a iya samo fatura, wato takardar biyan kuɗi, ta wata goma sha biyu da suka wuce daga manhajar kamfanin wuta da ta kamfanin ruwa, aiki ya yi rabi.

Mataki na farko: wuta

A nan ya kamata a daɗe, domin a mafi yawan gidaje nan ne babban nauyi yake. Kada a dubi Riyal ɗin da ke kan fatura, a nemi adadin kilowat-awa da aka sha, shi ne ma'aunin. Tun daga Janairun 2018 farashin gidaje halala 18 ne kan kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura haka halala 30, sannan a ɗora haraji, wanda ya koma kashi 15 cikin ɗari tun 2020. Wanda saƙon kuɗi kaɗai yake gani, ya raba kuɗin da 0.21, zai samu adadin da ya yi kusa da gaskiya.

Kowane kilowat-awa a Saudiyya yana tafe da kimanin giram 600 na iskar kabon, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumamar duniya. Don haka a ninka jimillar shekara da 0.6, abin da ya fito kilo ne na kabon. Gidan da ya sha 20,000 a shekara ya fitar da kilo 12,000, wato tan 12.

Sanin jimilla kaɗai ba ya gyara komai, sai an gano wane ne mai cin kason zaki. Sanyaya ɗaki ne ke ɗaukar fiye da rabin wutar gidaje a ƙasar nan, a tsakiyar zafi yakan kai kashi 70 cikin ɗari. Ga yadda za ku gani da idonku. Da ƙarfe goma na dare a je wurin addad, wato mitar wuta, a rubuta lambar da ke kai, da ƙarfe shida na safe a sake rubutawa, mukayyif yana yadda aka saba barin sa. A yi haka dare uku. Sannan a ciro ragar kowane mukayyif, a wanke ta da ruwa, ta bushe, a mayar, a tsayar da sanyin a kan 24, a sake awon dare uku a daidai waɗannan sa'o'in. Bambancin da ke tsakanin matsakaicin dare ɗaya na awon farko da na awon biyu, a ninka shi da talatin, shi ne abin da gidan ke zubarwa a wata cikin dare kawai.

Akwai wata fahimta da ta zauna a zukatan mutane, wai idan aka sa 16 ɗaki ya fi saurin yin sanyi. Ƙarfin injin ɗaya ne ko a 16 ko a 24. Abin da 16 ke yi kawai shi ne hana kwamfuresa hutawa, har a wayi gari ana lulluɓa da bargo a watan Yuli. Mukayyif na taga mai maɓallin murɗawa shi ma haka ne: a bar shi a tsakiya, a saurara, idan ana jin injin yana ɗaukewa yana dawowa to yana aiki daidai. A duba gefensa kuma. Gidajen haya da yawa a tsofaffin unguwanni za ka tarar da rata tsakanin akwatin mukayyif da bango, har ana hango hasken waje. Soso ko katako na 'yan Riyal kaɗan zai toshe ta. Tagar da rana ke duka da la'asar a sa mata labule mai kauri.

Mutanenmu da dama suna zaune a gidan da addad ɗaya ke haɗa ɗakuna da yawa, ko kuma kuɗin wuta yana cikin kuɗin haya. Su ma za su iya lissafi. Kowace na'ura tana da ɗan allo a jikinta da ke nuna wat nawa take ja. A ninka wat da awannin aiki a rana, a raba da 1,000, an samu kilowat-awa. Mukayyif na taga mai matsakaicin girma yana jan kusan wat 2,000 lokacin da kwamfuresa ke aiki. Idan ya yi awa goma yana ja, kilowat-awa 20 ke nan a rana, 600 a wata, daga ɗaki guda.

Sakkan, mai dafa ruwan wanka, a kashe shi tun daga shigowar zafi. Ruwan tankin saman soro da kansa yake tafasa da rana. Tsofaffin mazauna ma sun san dabarar: idan sakkan yana kashe, ruwan da ya kwana a cikinsa ya fi na tankin sama sanyi, sai famfon zafi ya koma na sanyi. Ranar da za a sayi sabon mukayyif ko firji kuwa, a karanta takardar kala-kala da ke manne a jikinsa, wadda ke nuna darajarsa wajen tattalin wuta da abin da zai sha a shekara. Cibiyar tattalin makamashi ta gwamnati, Kafa'a, da aka kafa a 2010, ita ke bin wannan sha'ani. Mai arha a kasuwar gwanjo sau da yawa shi ne mai tsada idan aka haɗa da faturar shekara biyu.

Wani abu da ba na so a yi wasa da shi: kada awo ya kai ga kashe wa tsoho ko jariri ko mara lafiya mukayyif. Zafin ƙasar nan yana kisa. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai 51.8 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Abin da ake nema a rage shi ne sanyaya ɗakin da babu kowa, da sanyin da ya wuce buƙata.

Mataki na biyu: ruwa

A ɗauki kubik ɗin da ke kan fatura, a ninka da 1,000, a raba da kwanakin wata, a sake rabawa da yawan mutane. Gida mai mutum takwas da ya sha kubik 45 yana kan lita 187 ga kowane mutum a rana. Don a samu abin kwatantawa: lokacin da aka ƙaddamar da shirin tattalin ruwa na Ƙaɗra a 2019, matsakaicin abin da mutum ke sha a ƙasar lita 263 ne a rana, burin shirin kuma a sauko zuwa 150 nan da 2030. Masu sayen ruwan wayit, wato tankar ruwa, su tambayi direba tan nawa motar ke ɗauka. Tan ɗaya na ruwa daidai yake da kubik ɗaya.

Idan lambar ta yi yawa, kada a fara da yi wa yara faɗa, a fara da neman yoyo. Tsarin gidajen nan shi ne ruwan gwamnati ya zuba a kazzan, wato ma'ajiyar ruwa ta ƙasa, dinamo ya tura shi tankin sama, daga nan ya sauko famfuna. Kazzan na ƙasa yakan tsage shekara da shekaru ba wanda ya sani. A nemi haris, mai gadin gida, ya rufe bawul ɗin da ruwa ke shigowa, a kashe dinamo, a ɗaga murfi, a zura sanda mai tsabta har ƙasa, a ciro, a yi alama da biro daidai inda jiƙa ta tsaya. Bayan awa goma sha biyu a sake zura ta a wuri guda. Idan jiƙar ta sauka ƙasa da alama, kazzan yana yoyo, ƙasa ce ke shan ruwan. Aikin nan na manya ne, a rufe murfin da kyau kowane lokaci, kada yaro ya matso. Tankin sama shi ma a gwada shi da dare bayan kowa ya kwanta, a kuma duba awama, wato ƙwallon da ke tsayar da ruwa idan tanki ya cika. Idan ta lalace za a ga sawun ruwa ya yi kore a bangon imara, wato ginin benen.

Bayan gida kuma, a zuba zoɓo mai kauri a cikin akwatin sifon, a bar shi minti ashirin ba a ja ba. Idan ja ya bayyana a cikin masai, robar ƙasan akwatin ta saki, kuma irin wannan yoyon yana iya cin ɗaruruwan lita a rana ba tare da ƙara ba. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da lita 20 zuwa 30 a yini.

Sai a zo ga hannunmu. A buɗe famfon alwala yadda aka saba, a tara robar nan ta lita ɗaya da rabi, a duba agogo. Idan ta cika a daƙiƙa goma, famfon yana zubar da lita 9 a minti. Mai alwalar da ya bar shi a buɗe minti biyu ya kashe lita 18. A mutum takwas, salla biyar, lita 720 ke nan a rana idan kowa ya sabunta alwala. Hadisi ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i zuwa mudu biyar, mudun Annabi kuwa bai kai lita guda ba. Mu da muka tashi da buta mun san wannan ba abin mamaki ba ne. Wankan bokiti lita 15 zuwa 20 ne, shawa ta minti goma tana iya kai 90. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke sakin waɗannan ɗabi'u da muka zo da su daga gida, muna ganin barin su ci gaba ne, alhali ƙasar da muka zo ba ta da kogi ko ɗaya mai gudana duk shekara. Ruwan ƙarƙashin ƙasarta ma an ja shi da yawa, har gwamnati ta yanke shawara a 2008 ta riƙa rage sayen alkamar da ake nomawa a gida saboda ceton sa.

Ruwa yana da nasa kason wutar da ba ya fitowa a faturarku. Tace kubik ɗaya na ruwan teku a injinan zamani yana cin kilowat-awa 3 zuwa 4, tsofaffin da ke dafa ruwan sun fi haka ci, ban da wutar tura shi, balle a ce Ɗa'ifa da ke kan tsauni. A ninka kubik na wata da 4 a ƙara a shafin wuta. A Jidda kuma, inda iska ke da laima, a tara bokiti a bakin tiyon mukayyif a ga abin da zai taru kafin safe. Ba na sha ba ne, amma yana goge tsakar gida, yana ba shuka.

Mataki na uku: mota, gas da jirgi

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Lita ɗaya ta fetur tana fitar da kilo 2.3 na kabon, ta dizal kusan 2.7. A riƙa rubuta duk man da aka sha har wata ya cika. Mai sayen fetur mai lamba 91 a kan Riyal 2.18, idan ya ba da Riyal 130 ya sha kusan lita 60. Direban da ke aiki da motar kafil, wato ubangidansa, ko ta haya ya ware tafiyar aiki daban, ta iyali kaɗai za a sa a lissafin gida. Gas na girki, a duba nauyin da aka rubuta a jikin tukunyar, kowane kilo yana ba da kusan kilo 3 na kabon. Jirgin sama daga Jidda zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 3,400 ce, zuwa da dawowa ya haura rabin tan ga kowane fasinja, a rubuta kilo 650. Ba zan ce wa kowa ya bar zuwa ganin mahaifa ba, amma a sa shi a littafi. Tsakanin Makka da Madina kuwa, jirgin ƙasa na Haramain mai aiki da lantarki, da aka buɗe a 2018, ko bas cike da mutane, sun fi mota mai ɗauke da mutum ɗaya ko biyu sauƙi nesa ba kusa ba.

Mataki na huɗu: abinci da shara

Binciken da hukumar hatsi ta ƙasar ta fitar a 2019 ya nuna kusan kashi 33 cikin ɗari na abinci yana lalacewa ko a zubar, kimanin kilo 184 ga kowane mutum a shekara, abin da kuɗinsa ya kai Riyal biliyan 40. Don ku san inda gidanku yake, a ajiye leda biyu a kicin tsawon mako guda. Ɗaya ta ɓawo da ƙashi da ganyen shayi, ɗaya ta abin da da za a iya ci: ragowar shinkafa, burodin tamis da ya bushe, tumatir da ya ruɓe a firji, miyar da ta kwana uku. Kowane dare a rataya ta biyun a sikeli a rubuta. Jimillar mako a ninka da 52, a raba da kawuna, a ajiye kusa da 184 ɗin nan.

Kusan kullum shinkafa ce ke cika ledar. Maganinta awo kafin a ɗora tukunya: kimanin giram 100 na ɗanya ga babba, a nemi kofin da ke cin haka, a bar shi cikin buhu. Abincin da aka binne a juji yana ruɓewa ya fitar da iskar metan, wadda ta fi kabon riƙe zafi sau da yawa, ga kuma asarar ruwa da mai da aka kashe kafin ya zo daga wata ƙasa. Wajen nama, kilo ɗaya na rago yana da nauyin hayaƙi kusan ninki huɗu na kaza, na sa ya fi haka, wake da ful kuwa suna can ƙasa. Ya isa a rubuta kilo nawa na kowanne ke shiga gida a wata.

Sauran shara a auna ta dunƙule na mako ɗaya, matsakaicin mutum a ƙasar nan yana kusa da kilo ɗaya da rabi a rana. A ƙirga ledojin baƙala, wato kantin unguwa, da ledar sufura da ake shimfiɗawa a ci abinci a kai, da ƙananan robobin ruwa. Gwangwani da kwali a ware su a leda daban a ajiye gefen kwandon shara na baladiyya, wato hukumar gari. Duk wanda ya zauna Jidda ko Makka ya san bayin Allah, da yawansu mata ne 'yan uwanmu, da ke bin kwanduna cikin rana suna tsintar waɗannan su sayar. Wani kaso na abin da ake sake sarrafawa a garuruwan nan ta hannunsu yake bi. Wanda ya ware musu kaya a tsabtace ya rage shara, ya kuma sauwaƙe wa baiwar Allah tona ƙazanta da hannu.

Haɗa lissafi

Mu ɗauki misalin gida mai mutum takwas. Wuta 20,000 a shekara, tan 12. Fetur lita 60 a mako, wato 3,120 a shekara, tan 7.2. Gas kilo 22 a wata, tan 0.8. Ruwa kubik 45 a wata, wutarsa ta kai tan 1.3. Mutum biyu sun je gida sun dawo, tan 1.3. Jimilla tan 22.6, kowane mutum kusan tan 2.8, ban da abinci da tufafi da kayan da aka saya.

Matsakaicin ɗan Adam a duniya yana kusa da tan 4.7 a shekara. Na Saudiyya kusan tan 18 ne, na Nijeriya bai kai tan ɗaya ba, na Nijar kusan kashi ɗaya cikin goma na tan. A yi hattara wajen kwatanci, domin lambar ƙasa ta haɗa matatun mai da masana'antu da filayen jirgi, an raba wa kowa daidai, mai fada da mai ɗaki ɗaya. Gidan Bahaushe mai cunkoso a tsofaffin unguwannin Jidda ko Makka ba zai kusanci 18 ba, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Duk da haka 2.8 ɗin nan ya ninka na ɗan uwansa da ke Kano sau huɗu ko fiye, kuma can ne ake fama da ambaliya da kwararowar hamada. Ambaliyar 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya. Amfanin jimillar shi ne ta jera muku abubuwa bisa girmansu. A misalin nan wuta da mota sun ɗauki fiye da kashi 80 cikin ɗari, to da su za a fara.

Daga gida zuwa jama'a

Abin da muke yi a taro ya fi ƙarfin littafin gida guda, kuma shi ne ba mai aunawa saboda kunya. A bikin aure ko suna a istiraha, wato wurin taro na haya, a sa mutum ɗaya a bakin kicin ya ƙirga faranti nawa suka fita, nawa suka dawo da rabi ko fiye. Na sha ganin babban faranti na mandi ya dawo an ɗan yagi naman sama, shinkafar ko taɓa ta ba a yi ba, ma'aikaci ya naɗe ta cikin ledar sufura tare da ƙashi da robobi ya jefa a baƙar leda. Idan faranti 40 suka fita 15 suka dawo haka, masu biki na gaba sun san 28 za su isa. Ƙungiyoyin zumunta na 'yan gari su ne suka fi dacewa su riƙe wannan lissafi, domin su ne ke halartar kowane taro. Akwai kuma ƙungiyoyin Hifzun Ni'ima da bankin abinci na Iɗ'am, masu zuwa su kwashe abincin da ba a taɓa ba su raba wa mabuƙata, amma sai an sanar da su tun kafin ranar. Irin wannan tunani ne ya haifar da shirin Adahi da aka fara a 1983 ƙarƙashin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi, don naman hadaya ya daina ruɓewa a Mina.

A masallacin unguwa, bayan tarawihi a tattara robobin ruwa da aka sha rabi aka bari, a juye a bokiti, a gaya wa liman lita nawa ne. Lamba guda daga bakinsa ta fi dogon wa'azi shiga. A imara, maƙwabta su haɗa lambobinsu na ruwa, domin galibi addad ɗaya ne, yoyon gida guda kuma yana tura kowa zuwa mataki mai tsada. Bututun da ya fashe a titi a sanar da kamfanin ruwa, sharar da ta toshe magudana a kira baladiyya a 940. Mutanen Jidda ba su manta ambaliyar Nuwamban 2009 ba, wadda ta ci rayuka fiye da ɗari.

Gwamnati ma tana da nata alƙawura da za a iya bi da lamba. A 2021 ta sanar da shirin Saudiyya Koriya, da burin samar da rabin wutar ƙasar daga rana da iska nan da 2030, da kaiwa ga daidaita hayaƙinta baki ɗaya a 2060. Tashoshin hasken rana na Sakaka da Sudair da tashar iska ta Dumatul Jandal suna aiki. Duk lokacin da kasonsu ya ƙaru, 0.6 ɗin nan da muke ninkawa da shi zai ragu, don haka a riƙa sabunta shi bayan 'yan shekaru.

Awo na biyu

Bayan wata na farko a zaɓi gyara biyu ko uku kawai, waɗanda littafi ya nuna sun fi girma, a rubuta ranar da aka yi su. Kwatanci kuma a yi shi tsakanin Agustan bana da Agustan bara, kan kowane mutum, domin faturar Nuwamba za ta sauka ko an gyara ko ba a gyara ba. Awon abinci a maimaita shi sau biyu a shekara, ɗaya a cikin Ramadan. Idan an canza robar sifon, an gyara awama, an koma buta, amma lambar ruwa ta ƙi sauka, to yoyon yana inda ido ba ya kai, galibi a bututun da ke ƙarƙashin tayil tsakanin kazzan da dinamo ko cikin bango. Wannan aikin mai gyaran famfo ne da na'urar gano yoyo, kuma hakkin mai imara ne ya biya. A je masa da littafin, a buɗe masa shafin da ke ɗauke da awon sanda da kwanan wata.